Saniyar Gida Takwas

Shekarun farko da na yi a Landan ba abin da yake ba ni haushi kamar naman kanti. Ki buɗe leda ki tarar da jan abu a shimfiɗe, ba ƙashi, ba kitse, ba ƙanshi, ki dafa shi awa guda miyar ta fito salam. Ni kuwa 'yar Jos ce, a bayan layin mahauta na girma, na san nama tun ban san karatu ba. Mita na yi ta yi, a gida da wajen aiki, har maigidana ya koyi tashi ya bar mini falon da zarar na ɗauko zancen.

Aikin jinya nake yi a wani asibiti kusa da gidanmu a Camberwell. Wata rana a ɗakin shan shayi na buɗe abincina, na ciji naman, na zage shi da Hausa a fili, don na ɗauka ba mai ji na. Sai wata mata da ke zaune a bayana ta ce, "Ke kuma wa ya taɓa ki da rana tsaka?"

Haka na san ta. Ita ma jinya take yi, a hawa na sama. Kirista ce daga wani ƙauye a bayan Jos, ta girme ni da kusan shekara goma, doguwa, ba ta da saurin magana, dariyarta ma sai ta ga dama. Tun ranar nake ce mata Yaya, ita kuma tana ce mini ƙanwata. Da ta gama jin kukana sai ta ce, "Ki daina zagin abin da bai san kina yi ba. Muna da watanda a Dagenham. Gida ɗaya sun koma Najeriya, akwai gurbi. Ki zo ranar Asabar."

Gida takwas ne ke haɗuwa su sayi saniya guda duk bayan wata uku, biyar Musulmi, uku Kirista. Ba wani zumunci ne ya fara haɗa su ba, girman saniya ne. Gida biyar ba za su iya da ita ba, uku kuwa ba a ma magana, ga firizar gidajen Landan da ba ta fi akwatin lefe ba. Kowane ɓangare kuma da abin da yake riƙe da shi. Mijin Yaya ne mai babbar mota, don aikin kai kaya yake yi, kuma shi ya san manomin da ke can wajen gari. Yanka da fiɗa sai wani dattijo Bakatsine da kowa ke ce wa Baba, ɗan mahauta ne gaba da baya, ko da yake a nan aikin gadi ya yi har ya yi ritaya. Su biyun ke tafiya mayanka, Baba ya tsaya a yi yankan a gabansa yadda addini ya ce, bayan kwanaki su koma su ɗauko naman a kawo garejin gidan Baba. In babu motar, Baba bai isa gonar ba. In babu Baba, mu biyar ba za mu ci ba.

Garejin ƙarami ne, sanyi ne da shi rani da damina. Baba ya shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa, ya kafa wani tsohon teburi, ya ɗaura zane a ƙugu a kan wandonsa. Kafin ya sa wuƙa sai ya dubi bayan saniyar ya girgiza kai, ya ce shanun ƙasar nan ba su da tozo, Allah ya ba su komai ya hana su abin daɗin. Duk zuwa sai ya faɗa, duk zuwa kuma sai mijin Yaya ya ce masa ya kai ƙara council, wato hukumar unguwa. Maza su riƙe cinya da haƙarƙari yana sara, mu mata mu kwashi tumbi da hanji mu nufi famfon bayan gida. Ruwan famfon nan a watan sanyi, yatsu har daina jin su kike yi. Ni da Yaya aka bar wa tumbi, wai mun saba da abin ƙyama a wajen aiki.

Ba a auna komai a sikeli. Baba ya ce sikeli nauyi kawai ya sani, bai san bambancin tsoka da jijiya ba. Da ido yake kasawa, kashi takwas a jere a kan ledar, kowanne da tsokarsa da ƙashinsa da kitsensa da ɗan hanta da ƙoda. Ya ɗauke daga nan ya ƙara can, ya ja baya ya duba, ya sake taɓawa. In ya gama sai Yaya ta wanke hannu ta je ta tsaya ta fuskanci ƙofar garejin, ta ba mu baya. Baba ya nuna kashi ɗaya da bakin wuƙa ya ce, "Wannan fa?" Ita kuma ba tare da ta waiga ba ta ce, "Camberwell." Ya nuna wani. "Gidan likita." Haka har a ƙare. Dokar tun kafin zuwana take: wanda ya kasa ba ya rabawa, kuma tunda Musulmi ne ke kasawa, Kirista ne zai kira. Ban taɓa ganin wanda ya ɗauki kasonsa yana ƙunƙuni ba, sai ni, ran da wutsiya ta faɗa wa gidan likita sau biyu a jere.

Ina kewar wannan garejin fiye da yadda nake kewar wasu 'yan'uwana na jini. Ina kewar ƙarnin da ke bin gyalena har cikin jirgin ƙasa, da shayin matar Baba mai citta da yawa, da yadda 'ya'yanmu ke tsayawa nesa suna toshe hanci, ana yi musu magana da Hausa suna amsawa da Turanci. A nan kaɗai a duk Landan nake jin Hausa kala-kala a wuri guda, ta Katsina, ta Kano, ta Zariya, da irin tamu ta Jos da kowa ke yi wa dariya.

Akwai wata Asabar da ba na mantawa. A makon rikici ya tashi a gida, irin wanda duk ɗan Jos ya sani, wanda ake fara jin sa a waya kafin a ji a labarai. An ƙona, an kashe, ta ko'ina. An riga an yanka saniyar tun Talata, tana rataye tana jiranmu, ba yadda za a ce an fasa. Na tafi ne ƙirjina cike, ina shirya maganganun da zan mayar in wani ya taɓa ni.

Ba wanda ya yi doguwar gaisuwa. Baba bai yi zancen tozo ba. Ana cikin aiki mijin Yaya ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, wasu mutane dai ba a zaman lafiya da su. Likita, ɗaya daga cikinmu Musulmi, wanda yaro ne mai zafin kai a lokacin, ya saki ƙafar da yake riƙe ya ce a faɗi su wane ne mutanen. Baba ya ɗaga wuƙa daga kan naman ya ce, "Likita, kama nan. Kai kuma kama can. Naman nan ba zai jira ku ba. In mun gama ku fita waje ku daku, ni zan riƙe muku riguna." Suka kama, fuska a murtuke, ɗaya na ja ta nan ɗaya ta can, don ba yadda mutum ɗaya zai riƙe cinyar saniya a sare ta.

Ni da Yaya muka nufi bakin famfo da tumbi. Tana riƙe da tumbin ina zuba ruwa ina kankarewa. Can ta ce, idonta a kan aikin, "Naku lafiya?"

Na ce, "Shagon kawuna ya ƙone. Shi dai ya tsira. Naku fa?"

"Mamata ta kwana biyu a barikin soja. Ba ta tafi da maganinta ba."

Na tambaye ta wane magani ne, ta faɗa, na ce akwai ɗan ajinmu da ke da kantin magani kusa da barikin, bari in kira shi. Na goge hannu a zane na kira. Ba wani abin kirki muka ce wa juna ba bayan wannan. Amma da lokacin rabo ya yi ta juya mana baya kamar kullum, ta kira gidajen ɗaya bayan ɗaya, mu biyar muka karɓi abin da bakinta ya ba mu. Ba wanda ya fita waje ya daku, kowa ya gaji, ga kaya da nauyi. Mijin nata ne ma ya sauke likita a tasha.

Ni na kashe watandar nan. Gara in faɗa da bakina.

Shekaru sun tafi, bayana ya fara ciwo, tafiyar Camberwell zuwa Dagenham da jakunkunan nama ta isar mini. Asabar guda nake samu wani lokaci a wata, in ƙarar da ita a bakin famfo. Baba ma hannunsa ya fara rawa, aikin da muke gamawa da azahar ya koma la'asar. Sai wata abokiyar aiki ta nuna mini wani kamfani a waya: naman halal daga gona, ki zaɓi inda kike so, a yanka miki, a ɗaure a leda, a kawo har ƙofar gida cikin kwali mai ƙanƙara. Har tumbi wankakke. Ko wutsiya goma kike so, taki ce, ba sai bakin wani ya ba ki ba. Na gwada, naman ba laifi. Ni kuma in na ga abu ba na iya yin shiru, sai na bi kowa da shi.

A watanda ta gaba na kawo maganar. Na ce muna wahalar da dattijo, muna wahalar da kanmu, wannan zamanin ya wuce. Matar likita ta goyi bayana nan take, wasu gida biyu ma haka. Baba yana ta wasa wuƙarsa. Yaya ce kawai ta ce, "To a ina za mu riƙa haɗuwa?"

Na ce, "Haba Yaya, sai ka ce nama ne ya haɗa mu. Ga group, ga waya. In mun so haɗuwa mu yi booking wuri mai ɗumi mu zauna kamar mutane."

Ta dube ni ta ce, "To."

Gida huɗu muka fita, saniya ta fi ƙarfin sauran, shi ke nan. Mun haɗu sau ɗaya a wani gidan abinci, aka yi hotuna. Na biyu aka yi cancel saboda shift ɗin mutane bai zo ɗaya ba, na uku ba wanda ya ma tayar da maganar. Yaya ta bar asibitinmu ta koma wani kusa da gidanta a Abbey Wood. Muna waya da farko, sai ya koma saƙon barka da Sallah da barka da Kirsimeti. Ban ji komai ba a lokacin. Kwalina na zuwa kan kari, Asabar ɗina ta zama tawa.

Zauren da muka buɗe a waya don shirya watanda bai mutu ba, sai ya koma wurin tura abubuwa. Wa'azi daga nan, waƙar coci daga can, maganin hawan jini, bidiyon ban dariya. In abu ya faru a gida kuwa, kowa ya turo gawarwakin nasa ɓangaren. Da muna haɗuwa ba mai iya nuna wa wani irin wannan a fuska, ga shi za ku riƙe ƙafa ɗaya an jima. Yanzu ba mai buƙatar kowa. Ni ma na tura, ba sau ɗaya ba.

Rikicin da ya raba mu ya zo ne a wani mako da nake kan dogon aiki. An tare motar ɗan ƙanwar mahaifiyata a hanya, direban babbar mota ne, aka ƙona ta, shi kuma aka yi masa dukan da har yau ba ya ji da kunne ɗaya. Da rana aka gaya mini, ina hutun cin abinci. Ina ajiye wayar sai ga saƙo a zauren, mijin Yaya ya turo hoton wani mutum kwance a gona an rufe shi da zane, a ƙasa ya rubuta: ga aikin mutanenku. Ban buɗe hoton ba. Na ga irinsa sun fi a ƙirga, na ɗauka wani ne daga cikin waɗanda ake ta yawo da su. Na rubuta masa cewa ya fara wanke hannun nasa mutanen tukuna, kuma kowa ya ji da gawarsa. Da waɗannan kalmomin na rubuta, na tura, na koma bakin aiki ina jin na yi daidai.

Ina fitowa daga aiki da yamma Baba ya kira ni. Bai taɓa kirana ba sai dai matarsa. Ya ce, "'Yata, kin san wane ne a hoton nan?" Na ce a'a. Ya ce, "Ƙanin Yayarki ne. Uwa ɗaya uba ɗaya. Jiya da safe a gonarsa."

Na san shi a baki. Shi ne autansu, shi take turo wa takalman ruwa da fitila, shi ke kula da mahaifiyarsu. Na tsaya a bakin titi na buɗe zauren in goge abin da na rubuta, na tarar kowa ya karanta, ita kuma ta fita, mijinta ya fita, sauran gidajen Kirista biyun ma sun bi su.

Baba ya ce in je. Matarsa ta ce in zo mu tafi tare ranar Lahadi. Na ce ina da aiki, kuma ƙarya nake yi. Kunya ce ta riƙe ni, da tsoron in shiga falo cike da mutanen cocinsu waɗanda wataƙila an nuna musu abin da na rubuta. In na ji kunyar ta yi yawa sai in tuno kunnen ɗan'uwana in ce ai su ma ba su yi mana jaje ba. Na ce sai an kwana biyu zuciya ta huce. Na rubuta saƙo ya fi sau goma ina gogewa. Da akwai saniya a rataye a watan, da dole na je na tsaya kusa da ita a bakin famfo, ko ta zage ni ko ta yi shiru, a gama a ranar. Amma ba abin da ya tilasta mini, ni kuma na gano cewa ba ni da ƙarfin zuwa da kaina. Mako ya zama wata, har aka shekara uku.

Baba ya rasu a farkon bazara, bayan gajeriyar jinya. Ranar sadakar uku gidan ya cika, maza a gareji a kan tabarmi, mata a falo da kicin. Ina cikin zuba shinkafa a faranti na ji muryarta a ƙofa tana yi wa matar Baba gaisuwa. Ta rufe kanta da babban gyale, ta rame, furfura ta fito mata a goshi. Ta durƙusa a gaban matar Baba ta daɗe, suna riƙe da hannun juna. Ta gaisa da kowa, ni ma ta gaishe ni, ta tambayi yara. Ba ta zauna cin abinci ba.

Na ajiye cokalin na bi ta. Na same ta a tashar bas a ƙarshen layin, ita kaɗai.

Na ce, "Yaya, ya haƙuri?" Gaisuwar da ya kamata in yi shekara uku da suka wuce.

Ta gane ta ƙaninta nake nufi. Ta ce, "Mun gode Allah."

"Na yi miki laifi. Wallahi ban san shi ba ne. Ban buɗe hoton ba."

"Na sani. Baba ya gaya mini tun a satin." Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Abin da kika rubuta ban riƙe shi ba, ƙanwata. Maigidana ma ya rubuta nasa, na yi masa faɗa. Zafi ne, kowa da nasa."

Na ji wani sanyi ya fara sauko mini, har na buɗe baki zan yi godiya. Sai ta ci gaba, a hankali, yadda take magana kullum.

"Sati uku muka yi ana zaman makoki a gidana. Mutanen coci suna ta maganganu a kan Musulmi, na ce musu ku bari, ina da ƙanwa Musulma, za ta zo, za ku gan ta. Na sa aka bar kujera ɗaya kusa da ni. In wani ya zo zai zauna sai in ce da mai ita. Satin farko suna tambayata, ina ƙanwar taki? In ce tana shift. Sati na biyu ma haka. Na uku suka daina tambaya. Wannan ya fi mini ciwo."

Kuka nake yi a bakin titi, mace da 'ya'ya manya, mutane na wucewa suna kawar da kai. Ita ba ta yi ba, ina jin ta gama nata tuntuni. Bas ta ɓullo daga kwana, ta ɗaga mata hannu.

Na ce, "In zo? Ko gobe ne."

Ta ciro katinta daga jaka, ta dube ni, ba fushi a fuskarta ko kaɗan.

"Ki zo mana, gidan bai canza ba," ta ce. "Sai dai kujerun na coci ne, an daɗe da mayarwa."

Ta hau, ta zauna ta ɓangaren da ba na ganin ta, bas ɗin ta tashi.